Takobin da ke Rataye a Kan Sarki: Zambo ne ko Habaici?

Wani mai karatu daga Zariya ya aiko da tambaya kan wani zanen barkwanci da ya gani a jarida: mai mulki zaune a karaga, gabansa abinci iri-iri da tarin kuɗi, bisa kansa kuma takobi na reto a jikin siririn zare. Yana so ya san ko zambo za a kira wannan ko habaici, da kuma karin maganar da ta dace da shi.

Zanen yana da tushe a wani tsohon labari na Girkawa, wanda marubucin Rumawa Cicero ya rubuta a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani bafade mai suna Damocles ya dinga koɗa ubangidansa Dionysius, mai mulkin birnin Syracuse a tsibirin Sisili, yana cewa babu wanda ya kai shi jin daɗin duniya. Sarkin ya zaunar da shi a shimfiɗar alfarma, aka kawo masa kayan daɗi, sannan ya sa aka rataye takobi saitin wuyansa da silin gashin doki guda ɗaya. Da bafaden ya ɗaga kai ya gani, sai ya kasa kai loma baki, ya roƙi a sallame shi.

A ganina wannan zane habaici ne. Zambo yakan kama mutum takamaimai ya munana siffarsa ko halinsa, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa ɗan sarkin da ke ja da ubangidansu, su kwatanta tafiyarsa ko ƙirar jikinsa da ta wata dabba har kowa ya gane shi ko da ba a ambaci suna ba. Habaici kuwa magana ce a fakaice, wadda ake jefawa cikin taro a bar mai laifi ya tsargu, shi ya sa ake cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun da mai zanen bai ba sarkin fuskar kowa ba, ya tsaya a habaici. Da ya ɗora masa hancin wani shugaba da aka sani, ko irin hularsa, to da ya tsallaka zuwa zambo.

Batun karin magana kuwa ya danganta da wanda ake duba a labarin. Bafaden dai kallon kitse ya yi wa rogo. Sarkin kuma, wanda ya san makircin fada da tsoron da ke hana shi barci, shi ne mai ɗakin da ya san inda yake masa yoyo. Wasu za su kawo "duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya", amma ban ga ta zauna daidai ba, domin ita tana magana ne a kan juyawar zamani bayan mulki ya kuɓuce, alhali zanen yana nuna fargabar da ke tare da mutum tun yana kan karaga. Haka ma "babba juji ne" haƙurin shugaba take nufi, ga shi kuwa Cicero azzalumi yake siffantawa, wanda zaluncinsa ne ya jawo masa rashin kwanciyar hankali.