Amsa: Wane aiki ikilisiya za ta fara ɗauka a unguwa?

Ɗan'uwa, ka ce majami'arku ta ware kuɗin taimako, shawarwari kuma sun yi yawa: marayu, 'yan gudun hijira, fursunoni, rijiyar burtsatse.

Kada ku fara da jefa ƙuri'a ranar Lahadi, mai babbar murya ne zai ci. Dattawa su naɗa kwamitin mutum biyar ko bakwai, biyu daga zumuntar mata, don su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba da gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona. A ba su wata guda su bi gida-gida, har gidajen maƙwabta Musulmi, su kuma gaida mai unguwa.

Kowace shawara a tambaya: baikonmu zai iya riƙe ta shekara uku? Akwai mai yin ta tuni? Wa a cikinmu ya iya aikin? Kuɗin makarantar marayu nan ake tuntuɓe: a ɗauki yara ashirin, zango na biyu asusu ya bushe, a koro su gida. Gara biyar har su gama.

Batun masu jiran shari'a da rikicin gado yana buƙatar lauya. Ku nemi JDPC (hukumar adalci, cigaba da zaman lafiya) ta dayosis ɗin Katolika ko Legal Aid Council (hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa ƙarfi da lauya).

Ku ɗauki aiki ɗaya. Asusu dabam, sa hannun mutum biyu, a karanta rahoto gaban jama'a duk wata uku. Gudummawar ɗan siyasa mai sharaɗi, ku mayar masa.