Amsa ga ɗan'uwana na Bajoga: har gobe muna langa

Malam, ka tambaya wai yaranmu na nan Sudan sun san langa kuwa, ko Larabci ya haɗiye su. Ban ji haushi ba, amma tambayar da ƙaiƙayi. Burmi fa a ƙofar gidanka take. A can aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har bakin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno ke ɗauke da sunansa har yau. Kakana daga baya ya taso daga wajen Nafaɗa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare, ya tsaya tsinkar auduga a yankin Jazira na nan Sudan, zama ya kama shi. Bai zo da dukiya ba, amma ya zo da dandali.

Langarmu irin taku ce. A riƙe ƙafa ɗaya ta baya, a rabu gida biyu, a fitar da ruwa, wato yaron da za a raka, sauran su kare shi da kafaɗa har ya je ya sha. Abin da ban sani ba ko kuna lura da shi, wa ake ba ruwa. A unguwarmu sau da yawa ba ƙaƙƙarfa ake ba ba. Maraya ake ba, ko mai i'ina, ko baƙon da bai yi aboki ba tukuna. Yaron da gida ba a ko kiran sunansa sai ga ƙarti shida suna faɗuwa ƙasa saboda shi. In an kashe shi kuma ba shi kaɗai zai sha dariya ba, laifin masu tsaro ne. Ba wani malami da ya tsara haka. Mun taso mun tarar.

Na ga amfaninsa a 2022, lokacin rikicin mallakar ƙasa a jihar Nilu Shuɗi, da 'yan'uwanmu suka gudo daga wajen Damazin da Rusairis. Ɗan ƙanwata ya iso ba ya magana, dare ya yi sai firgita. An yi masa tofi, an ba shi rubutu, alhamdu lillahi. Amma ranar da ya fara buɗe baki da ƙarfi a fili ne, yana yi wa wani tsawa don ya saki ƙafa bai fita ba. Uwarsa kuka ta yi. 'Yan mata kuma gaɗa ce ta riƙe su, wadda yarinya ke sakin jiki ta faɗa baya, ƙawaye su cafe ta su cilla. Wadda ta ga an ƙone gidansu, kafin ta yarda ta faɗa hannun wani ba ta duba ba, sai an yi haƙuri da ita. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa filaye da yawa, wannan kam ba na son shiga cikinsa.

Maganar aure da ka ɗan soko, e, muna aurayya da Larabawa. Matar ƙanena Balarabiya ce, 'ya'yanta da Hausa suke faɗa in wasa ya yi zafi. Su ma suna da wasan ƙafa ɗaya, shaddat, sai dai amarya suke rakawa a madadin ruwa, don haka yaran ba sa shan wahalar haɗuwa. Abin da ke min ciwo, a nan a ce mana Fallata, mu zo Gombe kuma ku ce ga 'yan Sudan nan, kuna dariyar yadda muke jan harshe.

Wani ɗalibinku da ya yi karatu a Khartum ya ce mini yanzu gidan kallon ƙwallo ya kwashe samarin Bajoga, langa sai in an shirya gasa da alƙali da usur. Gaskiya ne, Malam? In da usur, wa ke zaɓen ruwa?