Ana Cire Mini Lokacin Hutun Da Ban Samu Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. A wani kamfanin ajiye kaya nake aiki. A takarda ƙarfe biyar ne lokacin tashi, amma sai shida ko bakwai ake sallamarmu, kuma babu kuɗin obataim. Ga shi kullum ana cire mini rabin awa da sunan hutun cin abinci, alhali a bakin aiki nake ci. Manaja ya ce shi bai sa kowa ya tsaya ba. Ina da haƙƙi kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, alamu sun nuna kana da shi, sai dai irin wannan rigima hujja ce ke raba ta.

Tun 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar wa masana'antu awa 8 a rana, 48 a mako, ta ce kuɗin ƙarin lokaci ya ɗara na awar da aka saba da aƙalla kashi 25 cikin ɗari. Amma dokar ƙasarka da takardar ɗaukarka aiki su ne abin bi. A Amurka, ga ma'aikatan da dokar obataim ta shafa, duk awar da ta haura 40 a mako ana biyanta ɗaya da rabi, kuma aikin da ubangida ya sani ana yi ya ƙyale, aiki ne ko bai umarta ba. A irin wannan doka, maganar manajanku ba ta da nauyi ke nan, muddin yana ganinku.

Batun hutu ya fi ɓoyuwa, domin sau da yawa kwamfutar albashi ce ke zare shi da kanta, ko an huta ko ba a huta ba. Hutu kuwa sai an sauke maka aiki baki ɗaya. Wanda ke loma yana amsa waya ko yana jiran mota ta shigo, bai huta ba. Kada ka raina rabin awar nan: a kwana biyar ta zama awa biyu da rabi, a mako 52 awa 130.

Fara rubutawa yau: kwanan wata, lokacin shiga, lokacin fita, da wanda ya ba ka aikin. A littafinka ko wayarka, ba a na'urar kamfani ba, don ranar da aka kore ka za a rufe maka ita. Adana takardun albashi da saƙonnin da aka turo maka bayan lokacin tashi. Sai ka kai koke a rubuce, da lissafin awoyin, ka riƙe kwafi. In an yi shiru, ka nufi ƙungiyarku ta ƙwadago ko ofishin ƙwadago na gwamnati.

Abu biyu ke kayar da mutane. Sa hannu a takardar awoyin da ka san ba daidai ba ce, ko a takardar "an biya ni komai" ranar barin aiki. Sai kuma jinkiri, don ƙara tana da wa'adi: a Amurka shekara 2 ne, 3 idan da gangan aka danne kuɗin. Tambayi na ƙasarka tun yanzu.