Mutum uku suna ɗaya, wanne ne kakana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah a taimaka min. Kakana na wajen uba tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama ya dawo ya ci gaba da noma har Allah ya karɓi abinsa ina ƙarami. Kwanaki na shiga shafin hukumar nan mai kula da kaburburan sojojin Commonwealth na buga sunansa, sai ga mutum uku masu sunan sak, duk 'yan Nigeria Regiment. Ƙanena har ya tura ɗaya a WhatsApp ɗin dangi wai shi ne. Wanne zan ɗauka?
Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan tsoho. Gaskiya kar ka ɗauki ko ɗaya, kuma ka ce wa ƙanen naka ya goge. Wannan hukumar waɗanda suka mutu kawai take lissafawa, a yaƙin duniya na biyu daga Satumban 1939 zuwa ƙarshen 1947, irin sunayen da aka zana a dutsen tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun a ƙasar Bama, Myanmar ta yanzu. Kai kuwa ka ce naka ya dawo har ka gan shi da idonka, to ka ga waɗannan ukun kakannin wasu ne, su ma suna da jikoki a wani wuri.

Abin da ya jawo ruɗanin shi ne yadda ake rubuta kurtu a lokacin. Ba a cika sa sunan uba ba, sunan yanka ne sai a liƙa masa gari, Audu Kano, Musa Zariya, Garba Sakkwato, kuma garin ma ba lallai nan aka haife shi ba, wani ɗan ƙauye ne ya faɗi babban birnin da Bature ya sani, wani daga maƙwabtan ƙasashen da Faransa ke mulka ya tsallako, wani ma ba Bahaushe ba ne, Hausa ce dai harshen bariki sai ya ɗauki sunan. Ga rubutun akawu, Audu a nan, Awudu a can, Mamman ya koma Momo. A rundunar Gwalkwas, Ghana ta yanzu, ma akwai masu irin sunayen nan.

Lambar soja ita ce ke rabe su. Ta 'yan Najeriya a wancan yaƙin da NA take farawa, ta 'yan Gwalkwas da GC. Mutum biyu za su haɗa suna da gari har da bataliya amma ba sa haɗa lamba. To fara daga gida tukuna kafin intanet. A buɗe tsohuwar adakar ƙarfen nan, a duba ƙasan kaya, ana yawan samun takardar sallama an naɗe ta a leda ta yi ja, ko katin fansho, ko na ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka buɗe ninkin sosai don tsohuwar takarda tsagewa take a hannu. In gwaggonka na raye ka zauna da ita ba gaggawa, tsofaffin sojoji da yawa sun riƙe lambarsu a ka kamar karatu, yaran gida ma har su haddace.

Ka tambaye ta sunayen wuraren da yake ambata ma. In Kaladan yake cewa, wani kwari a Bama, galibi runduna ta 81 kenan a 1944. In labarin jirgin sama ya sauke su a bayan Japanawa ne, to birged ta 3 ce da ta bi sojojin musamman da ake kira Chindit, bataliya ta 6 ko 7 ko 12. In ya ambaci Mogadishu to ya fara da yaƙin Italiyawa na 1941. Da wannan sai ka nufi gidan adana takardun tarihi na Kaduna ko ofishin Legion na jiharku kana da abin faɗa.

Sai maganar minda. Tauraron Bama ba a buga suna a jikinsa, don haka shi kaɗai ba ya nuna mai shi. Amma in ka ga minda mai lamba da suna a gefenta, duba da kyau, tana iya zama ta yaƙin duniya na farko, na Kamaru 1914 zuwa 1916 ko na Gabashin Afirka, kuma a gidajenmu da ake mayar wa jika sunan kaka sai ka tarar soja biyu ne takwarori a gida ɗaya an haɗe labarinsu. Lissafa shekaru, wanda ya yi Kamaru da ƙyar a ce shi ne kurtu a 1943.

In ka samo lambar ka sake rubuto mana.