Da gaske ne an fi mutuwa a babban asibiti?

Tambaya: Likita, Inna ce ba lafiya, an ce mu kai ta babban asibiti nan Sakkwato a yi mata aiki. To sai aka turo min wani lissafi a WhatsApp wai an fi mutuwa can bisa ga ƙananan asibitocin kuɗi. Wallahi hankalina ya tashi, in kai ta ƙarami ne?

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Wanga lissafi ko da babu ƙarya cikin alƙalumansa, abin da aka ce yana nunawa ba shi yake nunawa ba. Su wa ake kaiwa babban asibiti? Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, wanda aka ɗauko daga Illela ko Gwadabawa ko Zamfara bayan ya sha jiƙe-jiƙe da alluran kemis, mai naƙudar da ta kwana biyu tana fama. Ƙaramin asibiti da ya ga irinsu takarda zai rubuta ya tura su gaba, in sun cika can aka rubuta su, shi littafinsa fes. Tsananin ciwo ne ya ɓuya cikin jimillar.

An ga haka Ingila a 1986 kan tsakuwar ƙoda, inda aka kwatanta hanyoyi biyu na cire ta, yanka da huda ƙaramar kafa, mutum 350 kowane ɓangare. A jimla aikin huda ya yi nasara kashi 83, aikin yanka 78. Da aka ware, ƙananan tsakuwoyi yanka 93 huda 87, manya kuma yanka 73 huda 69. Yanka ya fi huda a ƙanana da manya duka, sai dai shi aka fi ba masu manyan tsakuwoyi shi ya sa jimillarsa ta sauka. Masana lissafi na danganta abin ga Edward Simpson da ya yi bayaninsa a 1951.

Abin da ke ƙona min rai, kullum sai na ji "ai can in ka shiga ba ka fitowa", sai a riƙe marar lafiya gida saboda wagga magana har ya galabaita, sannan a kwaso shi tsakar dare, ya rasu, a ce kun gani ko? Jita-jitar ce ta jinkirta shi, kuma mutuwarsa ta ƙara mata ƙarfi, masu tallan maganin ƙarya da lasifika kuwa da ita suke ciniki. Mai tura irin wanga saƙo na WhatsApp ko karantawa bai ƙarasa ba ya danna wa guruf goma, alhali rai ne.

Ka tambayi likitan da zai yi aikin: masu irin ciwon Inna da shekarunta, yaya sakamakonsu yake a hannunku? Akwai jini a ajiye, akwai mai ba da maganin barci, akwai ɗakin kulawa ta musamman? Ka kai ta ranar da aka ba ku, kada ku ɗaga.