Me ya haɗa alayyahun da ya yi yaushi da ledar ƙarin ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce ƴar SS2 a nan Ɗorayi, an koya mana osmosis na haddace ma'anar amma wallahi ban gane komai ba. Malaminmu ya ce shi yake sa ganye ya miƙe, kuma wai saboda shi ake sa gishiri a ruwan da ake ƙara wa marar lafiya. Dan Allah ya abin yake?

Amsa: Wa alaikumussalam ƴata. Ajiye haddar nan tukuna ki shiga kicin. Yanka kokwamba ki barbaɗa mata gishiri ki bar ta kamar minti 10, za ki dawo ki tarar ruwa ya kwanta a faranti, yankan kuma ya yi laushi. Ba ke kika zuba ruwan ba, daga cikin kokwambar ya fito ya bi gishiri, to osmosis ɗin kenan kika gani da idonki.

Kowace ƙwayar halitta, wadda kuke ce wa sel, akwai wani siririn tantani da ya lulluɓe ta, ruwa yana ratsa shi cikin sauƙi amma gishiri da suga ba sa wucewa kai tsaye, saboda haka idan gefe ɗaya ya fi yawan narkakken gishiri, tunda gishirin ba shi da hanyar tsallakawa sai ruwan ya taso daga tsinkakken gefen ya koma can. Wani Bafaranshe mai suna Nollet ya lura da haka tun 1748, ya ɗaure bakin kwalbar barasa da mafitsarar alade ya tsoma a ruwa, sai ya ga fatar ta kumbura.

Yanzu alayyahu. Kin sayo shi daga Yankaba da hantsi, kafin azahar zafin Kano ya sa ya yi laƙwas, sai ki tsoma shi a roba da ruwan sanyi, kafin ki gama jajjage ya farfaɗo. Ruwan cikin sel ɗinsa ya fi na robar kauri, shi ya sa na robar ya shiga, sel ta cika ta yi tam kamar tayar Keke Napep da aka ba iska. Kuma ba za ta fashe ba, don sel ɗin tsiro tana da bango mai tauri a bayan tantanin. Wannan cikar ita take riƙe ganye a tsaye, da haka kuma saiwa take jan ruwa daga ƙasa. Masu noman rani a Kadawa sun san kishiyar abin ko da ba su san sunansa ba, idan ka jibga wa tumatir takin zamani a gindi ba wadataccen ruwa sai ka ga ya ƙone, ƙasar ce ta fi saiwar kauri sai ruwa ya juya yana fita.

Mu kuma sel ɗinmu ba bango, nan ne haɗarin. Jar ƙwayar jini idan ta faɗa zallan ruwa za ta yi ta sha har ta fashe, idan ta faɗa ruwan da gishiri ya yi wa yawa kuma sai ta motse. Shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙarawa a asibiti a aune yake, kashi 0.9 cikin ɗari, wato giram 9 a lita guda, daidai da kaurin jini, babu mai jan wani. Ruwan teku kuwa gishirinsa ya kai wajen kashi 3.5, wanda ya sha ƙishirwarsa ƙaruwa za ta yi.

Ni abin da ya fi damuna ma shi ne iyaye masu haɗa ruwan gishiri da suga da ka idan yaro yana gudawa, wai ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne fa. Sugan yana taimaka wa hanji ya tsotsi gishirin, ruwa kuma ya bi su cikin jini, amma in aka zabga suga ko gishiri ya wuce kima sai ruwan jikin yaron ya dawo cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Ma'aunin gida shi ne lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, in da hali ma a sayi na ƙunshi a kemis a bi abin da aka rubuta a jiki.

Yau da daddare ki fere dankalin turawa ki yanka sala biyu tsayi ɗaya, ɗaya a kofin ruwa zalla, ɗaya a kofin da kika narka gishiri babban cokali 2, da safe ki lanƙwasa kowanne ki rubuto min wanda ya karye.