Yadda muke auna masu neman kujerar alƙali a Ohayo

Kawu, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga tambayarku kan maganar da na yi cewa zan je jefa ƙuri'ar alƙalai, kuma na fahimci dalilin mamakinku. A gida Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce ke ba da sunan wanda ya cancanta, gwamna ya naɗa shi, don haka ganin hoton alƙali a jikin allo a bakin titi yana roƙon ƙuri'a abu ne da ni ma ya ɗaure mini kai a shekarun farko na zamana a Kolumbus, babban birnin jihar Ohayo ta Amurka.

Da farko ya kamata a raba abu biyu. Alƙalan kotunan tarayyar Amurka shugaban ƙasa ne ke naɗa su, Majalisar Dattawa ta amince, su zauna har mutuwa ko murabus. Alƙalan shige da fice, waɗanda su ne suka fi tsorata baƙo, ma'aikatan gwamnatin tarayya ne, ba a zaɓarsu. Kotunan jihohi kuwa kowace jiha da tsarinta. A nan Ohayo ana zaɓar alƙali daga kotun birni har zuwa Kotun Ƙoli ta jiha mai alƙalai bakwai, kowanne wa'adin shekara shida, kuma sai lauyan da ya yi aƙalla shekara shida yana aiki zai tsaya. Tun daga zaɓen 2022 ana rubuta jam'iyya kusa da sunan mai neman Kotun Ƙoli da kotun ɗaukaka ƙara, amma a ƙananan kotuna suna kawai za ku gani a takardar babban zaɓe.

A nan ne wahalar take, domin takardar tana da tsawo, kuma idan mutum ya gama da shugaban ƙasa da sanata sai ya tarar da jerin sunayen da bai taɓa ji ba. Da yawa su kan bar wurin babu komai, wasu kuma su dangwala wa sunan da ya yi musu daɗin ji. Mu mutanenmu, ƴan Kano da ƴan Zinder da ƴan zangon Kumasi da muka samu takardar zama ƴan ƙasa (ƴan ƙasa kaɗai ke da ƙuri'a), mun ɗauki al'adar zama bayan sallar Juma'a idan zaɓe ya matso, mu bi sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Abin da muka fi dubawa shi ne aikin da mutum ya yi kafin ya nemi kujerar: mai gabatar da ƙara ne, ko lauyan da gwamnati ke bai wa marasa hali, ko kuwa lauyan kamfanoni? Wannan yana nuna wane ɓangare ya saba tsayawa. Sai mu duba hukuncin ƙungiyar lauyoyin birni, wadda ke tantance ƴan takara ta bayyana ra'ayinta, ko da yake lauyoyi ma suna da nasu son rai. Amma shaidar da ta fi nauyi a wurinmu ita ce ta ɗan'uwan da ya taɓa tsayawa gaban alƙalin. Direban da aka kai kan laifin hanya, ko magidancin da mai gida ya nemi a fitar da shi, shi zai gaya mana ko alƙalin ya jira tafinta ya gama fassara, ko ya ga mace da hijabi ya canza fuska, ko ya bar mutum ya faɗi uzurinsa kafin ya yanke. A ganina kujerar kotun birni da ta kotun aure da riƙon yara sun fi shafar rayuwarmu fiye da Kotun Ƙoli, ga shi kuma su ne ba a tallatawa.

Game da jam'iyya kanmu ba a haɗe yake ba. Wasu dattawanmu sun fi karkata ga ƴan Rifablikan saboda batun iyali da zubar da ciki, matasa kuma sun fi jin ƴan Dimokurat saboda batun baƙi da ƴan sanda. A zaɓen 2024 ƴan Rifablikan sun lashe kujeru uku da aka yi takara a Kotun Ƙolin Ohayo, suka zama shida, Jennifer Brunner ita kaɗai ta rage daga ɗaya ɓangaren, kuma ba na tsammanin yawancin masu ƙuri'a sun karanta ko hukunci ɗaya na waɗanda suka faɗi.

Tambayarku ta ƙarshe, wato ko kuɗi ba ya sayen alƙalin da ya ci da tallafin masu kuɗi, ba zan rufe muku ba, abin yana damuna. A jihar Wiskonsin an kashe sama da dala miliyan 100 a zaɓen kujera ɗaya a Afrilun 2025, inda Susan Crawford ta kayar da Brad Schimel duk da maƙudan kuɗin da Elon Musk ya zuba don goyon bayansa. Tun a 2009 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa dole wani alƙalin jihar Wes Bajiniya ya janye daga shari'ar kamfanin kwal na mutumin da ya kashe kusan dala miliyan uku don alƙalin ya ci zaɓe. Shi ya sa idan muka zauna, bayan an gama maganar halin ɗan takara, akwai wani yaronmu mai karatun lauya da muke sa ya buɗe bayanan kuɗin kamfe, waɗanda doka ta tilasta a bayyana, ya karanto mana sunayen waɗanda suka ba ɗan takarar kuɗi da adadin abin da kowa ya bayar.